Rumfa ko Bargo? Sharhi Kan Aikin Gashin Kai a Jikin Ɗan Adam

A watan Yunin 2023 mujallar PNAS, wadda Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka take bugawa, ta fitar da sakamakon wani bincike kan tambayar da ta daɗe a gaban masana halittar ɗan Adam: me ya sa mutum, wanda kusan duk jikinsa fili ne babu gashi mai kauri, yake da suma cike da kai? Kafafen yaɗa labarai sun ɗauki maganar da kanu kusan iri ɗaya, cewa gashi mai murɗe yana sanyaya kai. Wannan gajeren bayani yana iya barin mai karatu cikin ruɗani, domin duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami a tsakiyar bazara ya san cewa da zarar aska ta gama aikinta, iska ce mai daɗi take bi ta kansa. Idan sanyaya kai gashi yake yi, me ya sa cire shi yake kawo sauƙi? Idan kuwa ɗumi yake riƙewa, wane amfani zai yi wa mutanen ƙasashe masu zafi?

Abubuwan biyu duka gaskiya ne, kowanne a muhallinsa. Ba za a ga inda suka haɗu ba sai an san mene ne shi gashin, da yadda jikin mutum yake fitar da zafi, da kuma abin da masu binciken suka auna a zahiri.

Mene ne gashi, kuma yaya yake tsiro?

Silin gashin da ake gani a waje ba shi da rai. Babu jini a cikinsa, babu jijiyar ji, shi ya sa aski ba ya ciwo amma tsigewa tana yi. An gina shi da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, wanda shi ne kuma a farce da ƙaho da kofato. Ɓangaren da yake da rai yana binne cikin fata, a ƙasan wani ɗan siririn rami da kowane sili yake fitowa daga cikinsa. A nan ne ƙwayoyin halitta suke rarrabuwa suna tura silin sama, a nan ne kuma ake zuba masa launi, wato sinadarin melanin, irin wanda yake ba fata duhu. Idan ƙwayoyin da suke samar da launin suka daina aiki, sai furfura ta fito.

Kan babban mutum yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000, jiki gaba ɗaya kuwa yana da ramukan gashi wajen miliyan 5. Idan aka ƙidaya ramukan da ke cikin fili ɗaya na fata, mutum bai yi nisa da birin nan cimfanzi ba. Bambancin yana ga girman silin, domin galibin gashin jikin mutum siriri ne, gajere, mai ƙarancin launi, har ido ba ya kula da shi sai lokacin da tsikar jiki ta tashi. Saboda haka idan masana suka ce ɗan Adam ya rasa gashin jiki, abin da suke nufi shi ne gashin ya ƙanƙance ko'ina, ban da kai da gira da gashin ido da wuraren da yake fitowa bayan balaga.

Kowane rami yana aiki ne zagaye-zagaye. A fatar kai, lokacin tsiro yakan ɗauki shekaru 2 zuwa 7, silin yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, wani ya ɗara wani ya gaza. Daga nan sai tsiron ya tsaya cikin makonni 2 zuwa 3, ramin ya huta wajen watanni 3, tsohon silin ya faɗi, sabo ya maye gurbinsa. A kowane lokaci kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na gashin kai yana cikin tsiro, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Gira ba ta yin tsawo ne saboda lokacin tsironta 'yan watanni ne kawai. Kuma da yake ramukan kai ba tare suke shiga hutu ba, kan mutum mai lafiya ba ya taɓa zama fili a lokaci ɗaya, saɓanin dabbobin da suke zubar da gashinsu da sauyin yanayi.

Sai maganar murɗewa, wadda ita ce zuciyar binciken 2023. Gashi miƙaƙƙe yana fitowa daga rami miƙaƙƙe, kuma silinsa zagayayye ne. Gashi mai murɗe yana fitowa daga lanƙwasasshen rami, silinsa kuma ya ɗan faɗaɗa a gefe ɗaya. Duk wanda ya ɗora sili guda na irin gashin galibin mutanen Afirka ta Yamma a kan farar takarda zai ga ya nannaɗe kamar ɗan sifirin ɗin cikin biro. Idan dubban irinsa suka taru, ba sa kwanciya a kan fata, tasowa suke yi sama da iska a tsakaninsu. Galibin dabbobin daji masu shayarwa gashinsu miƙaƙƙe ne, don haka wannan siffa ta ja hankalin masana tun da daɗewa.

Jiki mai dogaro da gumi, ƙwaƙwalwa mai gudun zafi

Kare idan zafi ya dame shi haki yake yi da harshe a waje. Mutum gumi yake yi, kuma a wannan fanni da wuya a sami halittar da ta kai shi. Fatarsa tana da maɓuɓɓugan gumi miliyan 2 zuwa 4, cunkosonsu a fata ya ninka na cimfanzi wajen sau goma. Amma gumi ba ya sanyaya jiki don ya fito kawai, sai ya bushe a kan fata ya tafi da zafin. Aikin randa ke nan: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na cikin ya yi sanyi. Da za a lulluɓe randar da bargo mai kauri, da sanyin ya ragu. Wannan shi ne dalilin da mafi yawan masana suke bayarwa na ƙanƙancewar gashin jiki, cewa fata mai fili ta fi barin gumi ya bushe.

Sai dai wannan hanya tana da tsada. Mai aikin ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 na gumi a awa ɗaya, tare da gishirin jiki, kuma duk abin da ya fita sai an mayar da shi ta baki. Ga wanda yake tafiya mai nisa inda ruwa yake da wuya, duk abin da zai rage masa buƙatar gumi ya ƙara masa nisan zango.

A ɗaya gefen kuma ga ƙwaƙwalwa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kimanin kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki yake ƙonawa lokacin hutu, don haka ita kanta tana samar da zafi ba dare ba rana. Ga shi kuma ba ta jure wa zafi. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, mutum yana iya ruɗewa, ya suma, har rai ya salwanta in ba a gaggauta sanyaya shi ba. Tumaki da awaki da barewa suna da wata raga ta jijiyoyin jini a gindin ƙoƙon kai, wadda take sanyaya jinin da zai shiga ƙwaƙwalwa da taimakon sanyin hanci. Mutum ba shi da ita.

A shekarar 1984 wani masani ɗan Birtaniya, Peter Wheeler, ya haɗa wannan da tsayuwar mutum a kan ƙafa biyu. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, rana takan zo daidai saman kai da tsakar rana. A Kano, alal misali, haka take yi wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, lokacin da inuwar mutum take tattaruwa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Dabba mai ƙafa huɗu duk gadon bayanta take shimfiɗa wa wannan rana. Wanda yake tsaye kuwa tsakiyar kansa da kafaɗunsa kawai ya ba ta, sauran jikin yana cikin inuwar kansa, yana kuma shan iskar da ta fi ta ƙasa sanyi. Ke nan wurin da rana ta fi duka a jikin mutum shi ne wanda yake rufe da gaɓar da ta fi kowace gudun zafi, kuma nan ne gashin ya tsaya.

Masana juyin halitta suna jera wannan a kan ƙasusuwan da aka tono a gabashin Afirka. Ƙwarangwal ɗin da aka sa wa suna Lucy, wanda aka gano a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974, an ƙiyasta shekarunsa miliyan 3.2, kuma yana nuna tafiya a tsaye da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce sulusin ta mutumin yau ba. Na yaron Nariokotome, da aka gano kusa da tafkin Turkana a Kenya a 1984, yana da shekaru wajen miliyan 1.5, da dogayen ƙafafu irin na mai doguwar tafiya da ƙwaƙwalwar da ta ninka ta Lucy. A ganinsu, a tsakanin nan ne gashin jiki ya ƙanƙance, gumi ya yawaita, fata ta yi duhu, ƙwaƙwalwa ta soma girma. Sananne ne cewa masu karatu da yawa suna da wata fahimta dabam game da asalin ɗan Adam bisa koyarwar addininsu, don haka yana da kyau a raba tambayoyi biyu. Ɗaya ita ce yadda aka yi gashin kai ya zama haka, wadda amsarta ta dogara da fassarar tarihi. Ɗayar kuma ita ce aikin da yake yi a kan mutum yau, kuma wannan ana iya auna ta da na'ura ko mene ne ra'ayin mai aunawa kan ta farko.

Abin da aka auna a Loughborough

Wadda ta jagoranci binciken ita ce Tina Lasisi, tare da Nina Jablonski ta Jami'ar Jihar Pennsylvania a Amurka, wadda ta shahara kan nazarin launin fata, da George Havenith na Jami'ar Loughborough a Ingila, masanin yadda jiki yake hulɗa da zafi da tufafi. Ba mutane suka gwada ba. Sun yi amfani da mutum-mutumi mai siffar ɗan Adam, wanda lantarki yake ɗumama shi ya tsaya a kwatankwacin ɗumin fatar mutum. Hikimar ita ce yawan lantarkin da ake buƙata don riƙe wannan ɗumi yana nuna yawan zafin da yake fita daga kan ko yake shiga cikinsa.

An zaunar da shi a ɗakin da ake sarrafa zafinsa da danshin iskarsa, aka haska masa fitilu masu kwaikwayon rana, aka hura masa iska mai ƙarfi iri uku, kwatankwacin ta mai tsayuwa da mai tafiya da mai gudu. An gwada kan a hali huɗu: babu gashi, da hular gashi miƙaƙƙe, da mai ɗan murɗe, da mai murɗe sosai. An kuma maimaita gwajin bayan an jiƙa fatar kan, don a kwaikwayi gumi.

Sakamakon ya nuna cewa kowane irin gashi yana rage zafin ranar da yake isa fatar kai, kuma mai murɗe sosai ya fi sauran ragewa. Dalilin yana ga tazara. Rana tana dukan saman gashin, can nesa da fata, iska kuma tana ratsawa tsakanin silin tana kwashe zafin kafin ya sauka. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rumfar zana da tsakar rana, sannan ya shiga ɗakin kwano marar silin, ya san bambancin abin da yake tare rana ya bar iska ta wuce da abin da yake ɗaukar zafi ya sauko da shi. Gashi miƙaƙƙe yana kwanciya a kan fata, tazarar ba ta da yawa. Mai murɗe yana yin tsiri ba tare da ya cushe ba, ya ba da inuwa amma bai zama bargo ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga masu nazarin dabbobin hamada. A shekarun 1950 Knut Schmidt-Nielsen ya yi nazarin raƙuma a Saharar Aljeriya, ya ga cewa raƙumin da aka aske yana asarar ruwa fiye da wanda aka bari da gashinsa da kimanin rabi. Abin da binciken 2023 ya ƙara shi ne auna irin wannan a kan mutum, da nuna cewa siffar silin tana da tasiri.

To, me ya sa mai sabon aski yake jin daɗi?

Amsar tana cikin binciken kansa, a ɓangaren da kanun labarai suka tsallake. Da aka jiƙa kan, wanda ba shi da gashi ne ya fi kowanne saurin fitar da zafi, domin babu abin da ya shiga tsakanin ruwan da iska. Saboda haka wanda ya yi askin ƙwal-kwabo ya zauna a inuwar darbejiya, ko ya kwanta a tsakar gida da daddare, sanyin da yake ji na gaske ne.

Lissafin yana juyawa ne idan ya fita rana. Kan da ba shi da gashi yana karɓar zafin rana kai tsaye, don haka sai ya zubar da gumi mai yawa kafin ya mayar da abin da ya shiga. Kan da yake da gashi bai kai shi iya fitar da zafi ba, amma da yake abin da ya shigo kaɗan ne, gumin da yake buƙata ma kaɗan ne. Askakken kai yana iya yin sanyi a rana, sai dai da ruwan jiki yake biyan kuɗin sanyin. Tun a 1988 wani bincike na Michel Cabanac da abokin aikinsa ya nuna cewa fatar kan masu sanƙo ta fi ta masu suma fitar da gumi. Idan aka bi wannan, amfanin gashin kai na farko shi ne tare rana da tattalin ruwa.

Abin lura ne cewa a ƙasashen Sahel, inda aske kai al'ada ce ga maza, ba a cika ganin wanda zai wuni a rana da kai a buɗe ba. Malfar makiyayi da ta manomi, mai faɗin baki da saƙar da iska take ratsawa, aikin gashi mai murɗe take yi, har ta fi shi tunda inuwarta ta kai fuska da ƙeya.

Sauran bayanan da masana suka kawo

Bayanin zafin rana ba shi kaɗai ba ne. A 1871 Charles Darwin ya danganta ƙarancin gashin jikin mutum da zaɓin abokin aure, wato siffar da ake so ita take yaɗuwa. Masu bin wannan layi suna nuni da cewa tare rana ba ya buƙatar gashin da zai kai gadon baya, kuma gashi yana bayyana shekarun mutum da lafiyarsa tun daga nesa. Babu al'ummar da ba ta sarrafa gashinta don nuna matsayi, daga kitson amarya zuwa tukkun yara na da. Raunin bayanin shi ne yana da wuyar gwadawa, kuma bai faɗi dalilin da ya sa aka fara da kai ba. Wani nazari da Jablonski da wasu abokan aikinta suka fitar a 2025 ya haɗa biyun, inda suka ce kariya daga zafi ce ta zo da farko, daga baya gashin ya zama hanyar isar da saƙo tsakanin mutane.

A 2003 Mark Pagel da Walter Bodmer sun ce an rasa gashin jiki ne don rage ƙwari masu shan jini da cututtukan da suke ɗauka. Wannan yana iya bayyana jiki, amma bai bayyana kai ba, tunda a nan ne ƙwarƙwata ta sami mafaka. Ra'ayin da Alister Hardy ya kawo a 1960, cewa magabatan ɗan Adam sun yi wani zamani a cikin ruwa har suka rasa gashin jiki, mafi yawan masana sun ajiye shi saboda rashin hujja daga ƙasusuwa.

Akwai kuma ƙananan ayyuka da ba a jayayya a kansu. Gashi yana tare wani kaso na haskokin rana masu ƙona fata waɗanda ido ba ya gani, shi ya sa tsofaffi masu sanƙo a cikin farar fata suke yawan samun tabon rana da sankarar fata a tsakiyar kai. Jijiyoyin ji sun kewaye gindin kowane sili, har mutum yana sanin saukar ƙuda a kansa kafin ya taɓa fata. Yana kuma riƙe ɗumi lokacin sanyi, sai dai an zuzuta wannan fiye da kima. Maganar da ta yaɗu cewa kusan rabin zafin jiki ta kai yake fita ta samo tushe ne daga wani littafin horon sojan Amurka, kuma likitoci biyu, Rachel Vreeman da Aaron Carroll, sun warware ta a mujallar likitocin Birtaniya a 2008. Kan babban mutum kimanin kashi 10 cikin 100 ne na faɗin fatarsa, kuma zafin da yake fitarwa bai yi nisa da haka ba.

Inda hujjar ta tsaya

Daga cikin waɗannan bayanai, na zafin rana ne ya fi samun goyon bayan awo, amma yana da iyaka. Mutum-mutumi ba ya da jini mai gudana, ba ya ƙishirwa, kuma hular gashi ba daidai take da gashin da ya tsiro a kai ba. Gashi kuma ba ya daɗewa a ƙasa kamar ƙashi, don haka babu wanda ya ga sumar yaron Nariokotome. Cewa gashi mai murɗe ya taimaka wa ƙwaƙwalwa ta girma hasashe ne mai ma'ana da masu binciken suka gina a kan awonsu, ba abin da suka auna ba.

Binciken kuma bai ce wani jinsin mutane ya fi wani ba. Miliyoyin mutane a kudancin Indiya da dazukan Amazon suna rayuwa cikin zafi da gashi miƙaƙƙe ko mai ɗan lanƙwasa, kamar yadda ake samun mai murɗe sosai a tsibiran Melanesiya, nesa da Afirka. Bayan mutane sun iya ɗaukar ruwa a gora da salka, sun iya hula da rumfa, matsin da yake kan gashi ya ragu, siffofinsa suka yawaita. A gabashin Asiya an gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna EDAR, wanda ya bayyana wajen shekaru 30,000 da suka wuce, yana ƙara wa silin gashi kauri yana kuma ƙara yawan maɓuɓɓugan gumi, kuma har yanzu masana suna muhawara kan wanne daga cikin tasirinsa ne ya sa ya yaɗu.

Wani zai tambaya: idan gashi yana da wannan amfani, me ya kawo sanƙo? Sanƙon maza gado ne da yake aiki tare da wani homon na maza, wato sinadarin da jiki yake samarwa, da ake kira DHT, wanda yake ƙanƙantar da ramukan goshi da tsakiyar kai sannu a hankali. James Hamilton ya nuna alaƙarsa da homon ɗin maza tun a 1942. Da yake galibi yana bayyana ne bayan mutum ya girma ya haihu, ba ya hana gadon wucewa zuwa ga 'ya'ya. Hula ba ta kawo shi, domin daga jini ramin gashi yake samun abincinsa da iskarsa. Aski ma ba ya ƙara wa gashi kauri ko yawa, abin da Mildred Trotter ta nuna da awo tun 1928. Dunƙulallen bakin da aska ta bari ne yake sa sabon tsiro ya yi kaushi a hannu.

Abin da wannan yake nufi ga jama'a

Sanin zagayen tsiro yana rage fargaba. Zazzaɓi mai tsanani, tiyata, haihuwa ko babban tashin hankali suna iya tura ramuka da yawa cikin hutu a lokaci ɗaya, sai gashin ya zube bayan watanni 2 zuwa 3, lokacin da an riga an manta da ciwon. Mai jego da ta ga gashi cike da mataji bayan arba'in, galibi wannan ne, kuma yakan dawo da kansa cikin watanni. Idan ya ƙi tsayawa, ya kamata a duba ƙarancin jini. A yara kuwa, gashin da ya yi ja-ja, ya yi laushi, yana tsigewa ba tare da ciwo ba, yana cikin alamomin tamowa, kuma asibiti yake buƙata ba man shafawa ba. Haka makero, wanda yake yaɗuwa ta aska da mataji da hular aro, ba ya jin shafe-shafe kaɗai, sai da maganin sha, saboda cutar tana cikin ramin gashin.

Kitso mai tsauri shi ma yana da nasa lissafin. Jan da ake yi wa gashi wata da watanni yana raunana ramukan gaban goshi da gefen kunne. Wani bincike da Nonhlanhla Khumalo ta jagoranta a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2007 ya sami wannan irin zubewa a kusan sulusin matan da aka duba, kuma haɗarin ya fi yawa idan aka ja gashin da aka miƙar da sinadari. Alamar farko sananniya ce: kitson da ya hana barci a daren farko, ya ɗaga gira, ya fito da ƙananan ƙuraje a bakin goshi. Idan aka sassauta da wuri gashin yana dawowa, amma ramin da ya mutu ya zama tabo ba ya sake tsiro.

Waɗanda maganar rana ta fi shafa su ne waɗanda rumfarsu ta yi ƙaranci. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na faɗin fatarsa, ninki biyu na babba, don haka yana saurin yin sanyi da hunturu, yana kuma saurin ɗaukar zafi idan aka goya shi a rana da kai a waje, musamman bayan askin suna. Zabiya kuma, da yake fatarsu da gashinsu ba su da isasshen melanin, sankarar fata tana cikin manyan abubuwan da suke yi wa rayuwarsu barazana a Afirka, kuma hula mai faɗin baki a wurinsu kayan kariya ce ta kullum.

Ga leburan gini, da ɗan acaɓa mai jiran fasinja, da manomin da yake sharar gona a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yake haura digiri 40, abin da awon ya nuna yana da sauƙin aiki. Wanda ya aske kansa ko yake da sanƙo zai fi buƙatar ruwan sha a rana fiye da yadda yake zato, kuma abin da zai ɗora a ka ya fi amfani idan ya bar tazara tsakaninsa da fata. Hula mai duhu da ta manne, wadda aka yi da yadin roba, tana tare hasken amma tana kulle gumin a ciki, malfar kaba ko farin rawani mai sako-sako kuwa suna tare hasken su bar iska ta busar da gumin.